Filtar Fetur a Hannun Gwani

Akwai ciwon da ke kama mota wanda ba ya nuna kansa sai ta ɗauki kaya. Da safe a tasha za ka ga Golf ta tashi da bugu ɗaya, tana silo lafiya lau, direba ya ɗan taka totur ta amsa masa. Sai an ɗora mata buhunan gero da wake, an cika ta da fasinja gaba da baya, an baro Kunci an hau kwaltar Katsina ta wajen Bichi za a miƙa Dawanau, direba ya fito zai wuce tirela, a nan take fara cijewa. Ya taka, ta ƙi. Ta fizga sau biyu, ƙarfinta ya zube, ya koma bayan tirelar yana salati. In ya sauka gefen hanya ya kashe ta na ɗan lokaci, sai ta tashi kamar ba ita ba, ta yi 'yar tafiya, ta sake komawa gidan jiya.

Direban da ya kai wannan ƙara gun bakaniken da bai ƙware ba, aljihunsa zai ji a jika. A canza fulogi, a canza wayoyinsu, a canza kwayil, a wanke nozul, a ƙarshe a ce famfon fetur ne ya gaji. Gwani kuwa ba ya fara ɗaukar sifana, da tambaya yake farawa. "Malam direba, a tsaye ma tana yi, ko sai da lodi?" "Ina kake shan mai?" "Yaushe rabon da a taɓa filta?" Amsar ta ukun galibi ita ce, "Wallahi Oga, tun da Alhaji ya ba ni motar ban san an taɓa ta ba." Daga nan gwani ya riga ya san inda zai fara leƙawa. Wannan iya tambayar, da iya haɗa amsoshin, shi ne rabin sana'ar, kuma shi ne abin da nake ganin ba a yaba wa bakaniken karkara da shi yadda ya kamata. Kwance filta da ɗaura wata, yaron gareji zai iya koya a yini guda. Sanin cewa ita ce, da sanin abin da ya kashe ta, shi ke cin shekaru.

Dalilin da ya sa ciwon ke ɓuya a tsaye ba shi da wuyar ganewa. Filtar fetur gwangwani ce, a cikinta takarda ce ta musamman da aka nannaɗe ninki-ninki domin ta yi faɗi a ƙaramin wuri. Fetur ya shiga ta baki ɗaya, ya ratsa takardar, ya fita ta ɗaya bakin, dattin ya maƙale. Duk wadda ta taɓa tace gasara da ƙyalle ta san sauran bayanin: in dusa ta cika ƙyallen, ɗan ruwa kaɗan zai ci gaba da tsiyaya, amma in aka kwara da yawa sai ya tsaya cak. Inji a silo ɗan kaɗan yake sha, filtar da ta toshe rabi tana iya ba shi. Da lodi da hawa da gudu yana neman ninkin-ba-ninkin wannan, sai ta kasa. In an kashe mota kuwa, matsin ya sauka, wani dattin ya saki takardar ya kwanta a gindin gwangwanin, shi ya sa take farfaɗowa na ɗan lokaci.

Da haka gwani yake rarrabe ta da 'yan uwanta. Matsalar wuta, wato fulogi da waya da kwayil, sau da yawa tana nuna kanta ko a silo, inji yana rawa yana tsallake bugu, kuma takan tsananta da safiyar damina lokacin da raɓa ta jiƙa komai. Filtar iska in ta toshe da ƙurar hunturu, mota takan sha mai fiye da kima, salansa ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Filtar fetur akasin haka take yi: iska ta ishi inji, mai ne bai isa ba, fulogi ya fito fari-fari kamar an gasa shi. Sannan akwai kukan famfo. A motocin da famfonsu ke cikin tanki, in ka murɗa makulli za ka ji ɗan zuuu daga wajen kujerar baya. Famfon da ke fama da filta toshasshiya kukansa kan ƙara kaifi da tsayi. Za ka ga bakanike ya buɗe murfin tanki ya kara kunne, yaronsa na murɗa makulli. Akwai ma wata 'yar dabara da yake yi a daidai nan: in da buɗe murfin ya ji tanki ya zuƙi iska da ƙarfi, motar kuma ta warke bayan haka, to hanyar numfashin tankin ce ta toshe, filta ba ta da laifi. Mai ma'aunin matsi yakan ɗaura shi a layin mai ya duba yadda allurar ke faɗuwa in an taka totur, wannan kuwa ya fi kowace shaida.

Kada a ce wannan duk ƙaramin al'amari ne na tsofaffin motocin haya. Masu motocin gudu a Turai da Amurka, da samarin da ke fitowa da BMW da Mercedes a titunan Nasarawa cikin Kano, tsoron filta ya fi kama su, domin injin da aka ƙera don gudu in mai ya gaza masa a tsakiyar ƙoƙari, wutar da ke ci a cikinsa zafinta ƙaruwa yake yi. A inji mai turbo wannan zafin kan iya ƙona bawul ko ya huda fistin. Ita kanta Golf ɗin tashar tana da 'yar uwa ta gudu, GTI, wadda kamfanin Volkswagen ya fitar a 1976 da tsarin fesa mai na Bosch mai matsin da ya kai wajen bar 5. Abin lura shi ne Golf 3 da ke jigila tsakanin Kunci da Kazaure da Dambatta, wadda aka daina ƙera irinta tun ƙarshen shekarun 1990, tana shafe yininta a irin halin da motar tsere ke shiga na 'yan mintoci. Ƙafar direba a ƙasa take, lodi ya ninka abin da aka yi ta dominsa, rana na dukan kwalta. Buƙatarta ga mai isasshe ba ta gaza ta motar gudu ba.

Sauyin da ya sa filta ta zama abin ji da ita ya zo ne da tafiyar kafireto. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 da sauran motocin zamaninta ramukan kafiretonsu suna da ɗan faɗi, famfonsu a jikin inji yake, matsinsa bai kai rabin bar ɗaya ba. In datti ya shiga, a kwance kafireto a bakin hanya, a hure, a mayar. Mota mai nozul ba ta yarda da wannan. Famfon lantarki ne ke tura mai da matsin wajen bar 3 a yawancinsu, wanda ya ɗara iskar da ke cikin tayar motar. Ramin nozul ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa ake yin takardar filtarsu ta kama abin da bai wuce maikiron 10 ba ko kusa da haka. Maikiron ɗaya shi ne milimita ɗaya an raba ta gida 1,000, kaurin gashin kai kuwa yana kai wajen 70. Ke nan abin da ke kashe nozul ido ba ya ganinsa. Mutum zai ɗaga kwalbar fetur ya kalli rana ta cikinta ya ce garau yake, alhali a cike yake da abin da zai cinye masa inji a hankali.

To yaushe ake canzawa? Littattafan kamfanoni da yawa na motocin da filtarsu ke waje suna sa wa'adi tsakanin kilomita 30,000 zuwa 60,000, wasu ma suna cewa filta za ta kai ƙarshen ran mota. An rubuta wannan ne da man Jamus da Japan a zuci, da titin da ba ya tada ƙura. Ga kuma wata matsala: mota 'yar Kwatano da ta wuce hannu uku ko huɗu, agogon kilomitarta ko ya tsaya ko an taɓa shi. Saboda haka bakaniken Kunci ba ya aiki da lissafin littafi, da tarihin man yake aiki, kuma a ganina gaskiyarsa ce.

Duba tafiyar da lita ɗaya ke yi kafin ta shiga tankin mota a Shuwaki ko Gwarmai da ke ƙasar Kunci. Ko da ta fito tsaf daga matatar Dangote da ke Lekki, wadda ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024, sai ta yi tafiyar kilomita 1,000 ko fiye a cikin tanka. Ta sauka a tankin ƙarƙashin ƙasa na gidan mai, inda ruwa da laka ke kwanciya shekara da shekaru. Daga nan, ga mutumin ƙauyen da ke nesa da gidan mai, ta shiga jarkar ɗan bumburutu, daga jarka zuwa galan, daga galan zuwa mazurari da ke rataye a bakin hanyar burji iska na zuba masa ƙasa. Ba zargin 'yan bumburutu nake yi ba, don ba don su ba da babura da injinan ban ruwa da yawa sun tsaya, kuma akwai masu tsafta a cikinsu da ke ɗaura ƙyalle a bakin mazurari. Amma kowace juyawa daga mazubi zuwa mazubi ƙofa ce ga ƙura da tsatsa da ruwa. Shi ya sa gwani ke gaya wa direban haya ya canza filta aƙalla sau ɗaya a shekara, mai yawan shan man jarka ya fi haka, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina, kafin jigilar kaka ta kankama. Yakan kuma ce masa in ya tarar tanka na sauke mai a gidan mai ya wuce na gaba, domin a lokacin lakar gindin tankin a tashe take.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur wani sabon abu ya ƙaru. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Direban da a da yake cika tanki yanzu na tafiya ɗaya yake saya, allura kullum a ja. Mutane kan ce illar haka ita ce famfo zai zuƙo dattin ƙasan tanki, amma famfo dama kullum daga ƙasa yake zuƙa, ko tanki a cike yake. Ainihin illar biyu ce. Fetur ɗin da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi, in babu sai ya yi ta aiki cikin zafi. Sannan tankin da ke wofi iska ce a cikinsa, iskar damina kuma da laima take, dare ya yi ta zama ɗigon ruwa a bangon tanki, in na ƙarfe ne ta haifar da tsatsa. Takardar filta kuma in ta sha ruwa kumbura take yi ta rufe hanyar mai. Famfo mai zafi da ke tura mai ta cikin filta kumburarriya ba ya daɗewa, kuɗinsa kuwa ya ninka na filta sau da yawa.

Akwai abin da filta ba ta iya yi, gwani kuma ba ya yi mata ƙarya. Ƙwayar datti take kamawa, abin da ya narke cikin mai wucewa yake yi. A watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, har hukumomi suka janye shi daga kasuwa aka shiga dogayen layuka, babu filtar da za ta ceci motar da ta sha shi. Haka man da aka gauraya da kalanzir. Maganin wannan sai a juye tanki gaba ɗaya.

Aikin kansa kuwa, abin sha'awa a hannun gwani shi ne abubuwan da yake yi kafin ya taɓa filtar. Da farko yakan dubi kewayensa. Gareji a garuruwanmu ba ya rabuwa da maƙwabta masu wuta: mai shayi da murhunsa, mai tsire, mai walda, ga direbobi da sigari. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, bin ƙasa yake yi ya taru a rami, kuma ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Don haka a tura mota fili, a bar inji da salansa su huce, mai sigari ya matsa. Na biyu, a sauke matsi. Ko an kashe mota, layin mai yana riƙe da matsinsa, wanda ya kwance tiyo haka kawai fetur zai feso masa a ido. Gwani yakan zare fis ko rilen famfo, ya tada inji ya bar shi ya shanye abin da ke layin har ya mutu da kansa, ya ƙara buga sitata na ɗan lokaci, ya buɗe murfin tanki, sannan ya cire kan batir na ƙasa, wato mai alamar ragi. Na uku, a tsayar da mota da kyau. Filtar Golf 3 a ƙarƙashi take, ta baya kusa da tanki, dole sai an shiga. Jak abin ɗagawa ne, ba a kwanciya ƙarƙashinsa shi kaɗai, balle a ƙasa mai rairayi irin tamu. A sa mata ƙafar ƙarfe ko kututture mai ƙwari, a tokare tayoyi da dutse.

Sannan ya goge. Wannan shi ne abin da ke raba wanda ya fahimci aikin da wanda ya haddace shi. Bakin filtar da ta shekara ƙarƙashin mota a hanyar burji a lulluɓe yake da jar ƙasa. In aka kwance a haka, ƙasar da ta faɗa cikin tiyon da ya nufi inji ta riga ta tsallake filta, kai tsaye nozul za ta. Sai ka ga an sa sabuwar filta mota ta fi da lalacewa. Gwani yakan wanke mahaɗan tas, ya naɗe su da tsumma mai tsafta, ya ajiye kwano a ƙasa, sannan ya sassauta a hankali. In ya zare tiyo ya toshe bakinsa, ba ya barin sa yana lilo cikin ƙura.

Mahaɗan iri-iri ne, kowanne da halinsa. Akwai tiyon roba da kilif mai sukuru, wanda in ya manne ba a fizgarsa, murɗa shi ake yi kaɗan-kaɗan har ya saki. Akwai kilif na roba mai latsawa a motocin baya-bayan nan, wanda zafin rana ya gasa shi ya zama kamar ƙwai, ɗan ƙarfi kaɗan ya karye. Akwai kuma irin na Toyota Camry ta 1997 zuwa 2001, wadda filtarta ke ɗakin inji, da noti mai rami a sama da wani a ƙasa. Wannan sifana biyu take so, ɗaya ta riƙe jikin filta ɗaya ta juya noti, in ba haka ba bututun ƙarfen ne zai murɗe, aikin minti talatin ya zama na kwana biyu da tafiya kasuwar Kofar Ruwa a Kano neman bututu. Notin saman yana da washa biyu na ƙarfe mai taushi waɗanda ke lotsewa su rufe mahaɗa. Sau ɗaya suke aiki. Sabuwar filta ta ƙwarai da nata take zuwa, gwani kuma ba ya mayar da tsofaffin.

A jikin filta akwai kibiya, bakinta inji yake kallo. In aka juya ta, mai zai bugi takardar ta inda ba ta da madogara, tana iya lotsewa ko ta yage. Kafin ya ɗaura, yakan lanƙwasa tiyon ya duba ko ya tsattsage. In zai canza, tiyon da aka yi don matsi yake sawa, ba na janareto ba, kuma da kilif, ba da waya ko robar tayar keke ba. In ya gama ya mayar da fis da kan batir, ya murɗa makulli ba tare da ya tada inji ba, ya jira famfo ya yi kukansa na daƙiƙa biyu, ya kashe, ya sake sau biyu ko uku har filta ta cika. Sai ya koma ƙasa da busasshen tsumma ya shafa kowace mahaɗa. Ya tada inji, ya sake shafawa. Ɗigo ɗaya a kusa da salansa ya isa ya ƙone mota da kayan mutane.

Zaɓen filtar ma ilimi ne. Kofar Ruwa a Kano da shagunan Bichi da Kazaure suna da kowane iri, daga na Bosch da Mann da Mahle zuwa jabun da aka buga wa sunayensu. Gwani yakan auna ta a tafin hannu, ya girgiza ya ji ko cikinta na motsi, ya dubi ɗinkin bakinta da tsaftar rubutun. Araha ba ta ado a nan, domin jabu ko dai takardarta kaɗan ce ta toshe da wuri, ko sakayau ce ta bar komai ya wuce, wannan na biyun kuma ya fi muni don direba zai ji mota garau har sai nozul sun tafi. Kuskure mafi haɗari shi ne ɗaura 'yar farar filtar roba ta motar kafireto a mota mai nozul. Ba a yi ta don bar 3 ba, fashewa take yi. A Golf 5 kuma abin ya ƙara sarƙaƙiya, domin filtarta tana haɗe da abin daidaita matsi a ciki, wata an buga mata bar 4, wata 6.6, a ido kusan iri ɗaya. Wanda bai karanta jikin tsohuwar ba zai sayo wadda za ta zauna daram a mazauninta amma mota ta ƙi lafiya.

Sashen da na fi so a aikin yana zuwa ne bayan an ɗaura sabuwa. Gwani ba ya jefar da tsohuwar. Yakan juye ta ta bakin shiga a cikin farar kwalba, ya ajiye ta ta natsa, ya kira direba. Jan gari-gari na nufin akwai tsatsa a tanki, kuma sabuwar filtar ma ba za ta daɗe ba. Rairayi da ƙura na nuna mazurari da jarka, ko murfin tanki da ya ɓata aka toshe da leda. Ruwa yakan kwanta a gindin kwalba ya raba kansa da fetur sarai. Baƙin ɓarɓashi kuwa tiyo ne ke ruɓewa daga ciki. In kwalbar ta fito kusan garau, mai gaskiya zai ce, "Malam, ba filta ba ce kaɗai, bari mu duba famfo," maimakon ya karɓi kuɗi ya sallame shi ya je ya mutu a hanyar Tsanyawa da dare. Direba ya ga shaida da idonsa, ya san wurin shan man da zai bari.

Abu biyu ne gwani ba ya yi, ko da direba ya roƙe shi saboda rashin kuɗi. Ba ya hure tsohuwar filta da iskar mai faci ya mayar, don iskar yaga takardar take yi, sai a sami gwangwani da ba ya tace komai. Ba ya kuma cire ta ya haɗa tiyo kai tsaye. Akwai na uku da nake fata iyayen gidan gareji su hana yaransu da gaske, wato zuƙar fetur da baki. Kaɗan in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana jawo ciwo mai tsanani, kuma a cikin fetur akwai sinadarin benzin da aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Yaro ɗan shekara goma sha biyar da ke koyon sana'a bai kamata ya biya wannan farashin ba, alhali ɗan famfon hannu na roba yana yin aikin.

Da yawa daga motocin da suka biyo bayan Golf 3, irin su Corolla daga 2003, sun mayar da filta cikin tanki, a haɗe da famfo da 'yar ragar da ke bakinsa. Nan sai an ɗaga kujerar baya, an share ƙurar da ke kan murfin kafin a buɗe, an lura da sandar awon mai kada ta lanƙwashe, an mayar da zoben roba daidai, in ba haka ba fasinja su yi ta shaƙar warin fetur. Masu fesa mai kai tsaye cikin silinda kuwa, irin TSI na Volkswagen da yawancin motocin gudu na yanzu, suna da famfo na biyu a jikin inji mai matsin da ke haura bar 100. Fetur a wannan matsi yana huda fata. Bakaniken kirki a karkara yakan canza filtar ɓangaren tanki, amma in ciwon na wancan ɓangaren ne ya tura mai motar Kano gun masu kwamfuta.

Ilimin nan bai tsaya kan mota ba, don a ƙasar Kunci injinan da ba mota ba sun fi yawa. Babur ɗin Boxer yana da 'yar raga a makunnin mai da ke gindin tanki, mai hankali kuma yakan ƙara masa ƙaramar filta mai haske a tiyo, wadda a nan ta dace tunda nauyin mai kawai ke turo shi. Injin ban ruwa da masu noman rani ke girkawa a bakin dam ɗin Gari yana da raga a bakin tanki, wadda mutane kan cire don mai ya yi saurin shiga, da ɗan kofi ƙarƙashin makunnin mai inda laka da ruwa ke taruwa. Kwance kofin nan a wanke aikin minti biyar ne, kuma sau da yawa shi ne bambancin tumatir da ya sha ruwa yau da wanda ya kwana da ƙishi. Injin gas kuwa, wato na dizal, ya fi kowa tsanar ruwa da iska. Taraktar Massey Ferguson tana da kofin gilashi ƙarƙashin filta da ake tsiyaye ruwa ta gindinsa, Hilux kuma tana kunna fitila a gaban direba in ruwan ya taru. Bayan canza filtar gas dole a fitar da iska: a sassauta ɗan sukurun sama, a yi ta danna famfon hannu har kumfa ya ƙare gas ya fito zalla, sannan a ɗaure. Wanda ya tsallake wannan zai kashe batir yana bugu inji bai tashi ba.

A kan Golf ɗin dai, aiki bai ƙare a gareji ba. Tunda ciwon da lodi yake fitowa, da lodi ake gwada maganinsa. Gwani yakan shiga gaba, ya sa direba ya hau kwalta ya taka sosai a giya ta uku da ta huɗu, yana sauraro. In ta ja ba cijewa, ya sa a tsaya ya sake leƙa mahaɗan. Da yake agogon kilomita ba abin dogaro ba ne, yakan rubuta wata da shekara da fenti a jikin sabuwar filtar domin duk wanda ya shiga ƙarƙashin motar nan gaba ya gani. In kuma kwalbar ɗazu ta nuna tsatsa, zai ce wa direba ya dawo ranar da ba kasuwa, a sauke tankin a wanke shi, a duba ragar famfo, a kuma zo da kuɗin wata filtar, domin wadda aka sa yau ita za ta kwashe ragowar dattin da ke cikin layi.